Taimin Injin Mota: Gano Matsalarsa da Gyara Ta

Sau da yawa akan kai mota gareji saboda ta rasa ƙarfi a hawa, tana zafi, tana kuma shan mai fiye da kima, sai a ɗora laifin a kan kafireto ko lagireto. A wanke wannan, a canza wancan, ciwo yana nan. Alhali kuwa abin da ya ɓaci shi ne taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur a cikin silinda.

Ɗalibi zai iya zaton tartsatsin yana tashi ne daidai sa'ad da fistin ya kai ƙololuwa, amma ba haka ba ne. Cakuɗen fetur da iska ba ya ƙonewa nan take. Yana bukatar ɗan lokaci, a ce kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa. Injin da ke juyi 800 a minti yana cinye digiri 4,800 a daƙiƙa guda, saboda haka a ɗan wannan lokaci karanshaf ya juya kusan digiri 10. A juyi 3,000 kuwa, digiri 36 ke nan. Shi ya sa tilas wuta ta riga fistin isa sama, ta kuma ƙara sammako gwargwadon gudun inji.

Idan sammakon ya wuce kima, ƙarfin ƙunar zai danne fistin tun yana hawa, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In aka yi sakaci fistin na iya hujewa. Idan wutar ta makara, mai zai ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, zafin ya bi salansa maimakon ya tura mota.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, distiribito ne ke raba wuta. Bakanike yakan fara da tazarar kontak, kimanin milimita 0.4, domin sauyinta kaɗai na gusar da taimin. Bayan inji ya ɗumama, sai ya cire tiyon iska na distiribito ya toshe shi, ya maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na 1, ya haska fulin karanshaf. Fitilar tana walƙiya ne tare da tartsatsi, don haka alamar da ke jikin fulin sai ta zama kamar a tsaye take. In ba ta dace da adadin da kamfani ya ƙayyade ba, sai ya sassauta noti ya murɗa distiribito a hankali. Distiribito juyi ɗaya yake yi a duk juyi biyu na karanshaf, wato digiri 1 a nan digiri 2 ne a can. Wannan ya sa saiti da kunne, wanda wasu ke alfahari da shi, ya fi kama da caca.

Idan alamar tana rawa ta ƙi tsayawa, to, saiti ba zai yi magani ba: ko dai sandar distiribito ta cinye, ko sarƙar taimin ta saki. A motocin zamani kwamfuta ce ke zaɓen lokacin wuta bisa bayanin na'urar da ke lura da juyin karanshaf, babu abin murɗawa, sai dai a binciki na'urar, a kuma duba ko bel ko sarƙa ta tsallake haƙori.