RUMBUN IRI NA LAMBUN KEW

Manomi mai hankali ba ya cinye irinsa, ko da yunwa ta matsa shi, gama wanda ya ci iri ya ci amfanin baɗi. To, akwai waɗansu masana da suka ɗauki wannan dabara domin tsire-tsiren duniya duka.

A birnin Landan ta ƙasar Ingila akwai wani babban lambu da ake kira Kew, wanda aka kafa a shekarar 1759. Ana renon itatuwa da ciyayi iri iri a cikinsa domin nazari. A shekarar 2020 masanan lambun suka ba da labari cewa cikin kowaɗanne tsire-tsire biyar, biyu suna cikin haɗarin ƙarewa. Saran daji da gobara da fari suna cikin dalilan haka.

Tun a shekarar 2000 suka buɗe wani rumbu a ƙarƙashin ƙasa, a wani wuri mai suna Wakehurst. Ga yadda ake ajiyar. Da farko a sheƙe irin, a shanya shi cikin ɗaki mai busasshiyar iska. Sa'an nan a zuba a kwalabe, a toshe, a kai ɗaki mai tsananin sanyi, watau awo 20 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Can irin zai yi ta barci shekara da shekaru. Lokaci lokaci akan ɗebi kaɗan a shuka, a ga ko yana da rai.

A shekarar 2007 ƙwayoyin da aka tara suka cika biliyan ɗaya. Ƙwayar da ta cika lissafin ta gora ce, daga ƙasar Mali aka kawo ta.

Amma ba kowane iri ke jure wannan ajiya ba. Ƙwallon mangwaro da ƙwayar koko, in sun bushe ƙwarai, sai su mutu. Irin waɗannan sai a shuka su, a yi ta kiwon itacen a lambu.

Ku tuna, yara, tsiron da ya ƙare a daji, in akwai irinsa a rumbu, ana iya mayar da shi. In kuwa babu, ya tafi ke nan har abada.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka buɗe rumbun Wakehurst?
2. Don me ba a ajiye ƙwallon mangwaro a cikinsa?
3. Yaya ake adana irin gero a garinku?