Amsoshin Tambayoyinku: Lita Nawa Marsandina Take Sha?

Wani mai sauraronmu daga Dogondutsi ya ce Marsandinsa na shan mai fiye da abin da allonta ke nunawa, yana so ya san gaskiyar lissafin.

To Alhaji, kada ka dogara da allo, ƙiyasi yake yi. Ka cika tanki a gidan mai har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta kilomitar da ke kan mita. Ka kama hanyar Yamai ta Dosso, kusan kilomita 275. Da isarka ka sake cikawa. Idan ta sha lita 33, raba da 275, ka ninka da 100, ka sami lita 12 a kowace kilomita ɗari.

Kada ka yi gwajin da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa, don ba kowace kwalba ce cikakkiyar lita ba.

Adadin zai ƙaru in ka shiga rairayin ƙauyukan Tibiri, ko ka bar inji a kunne saboda na'urar sanyaya. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska. Buɗe ta ka duba, haka ma iskar taya. Maimaita gwajin sau uku kafin ka je wurin makaniki.