Kar ka kawo mini mota in cire maka limita

Shekara 17 ke nan ina gyaran motocin Jamus a Apo, kuma ba ɗabi'ata ba ce in fito da maganar kwastoma waje. Abin da na gani a cikin motar mutum a gareji nake barinsa. Amma wannan karon shiru ya gagare ni. Kwana tara ke nan da aka jawo mini wata mota, har yau in zan wuce ta gefenta sai na kau da kai.

Mai motar yaro ne, bai wuce shekara 24 ba. Mahaifinsa tsohon kwastomana ne, mutumin kirki, tun yana hawa tsohuwar Marsandi nake yi masa aiki. Da yaron ya gama bautar ƙasa aka saya masa C63 baƙa wuluk, 'yar gwanjon Amurka da ta shigo ta Kwatano. Wajen wata biyu da suka wuce ya kawo ta a sauya baƙin mai. Na sa mata kwamfuta, ba ta nuna laifi ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fara damuna. Murfin sitiyari da gam aka liƙe shi, fatar dashbod sabuwa fil a motar da ta kusa shekara goma. Na durƙusa na duba taya. Uku 'yan 2016 ne. Ta baya ta hagu ma harafin gudunta H ne, a motar da kamfani ya rubuta wa Y. Takalmin birki kuwa irin na kwali ne da ake zubarwa a tire a bakin kasuwa.

Na ɗauko takarda na fara lissafa masa. Bai bari na kai ƙarshe ba.

Ya ce, “Injiniya, ajiye wannan tukuna. Abin da ya kawo ni daban ne. Motar nan tana kaiwa 250 sai ta tsaya cak, kamar an riƙe ta. So nake a buɗe ta. Sannan a taɓa salansa ta riƙa harbi.”

Na ce, “Ɗana, da tayoyin nan ko 120 ban yarje maka ba.”

Ya yi dariya. Ya buɗe aljihun dashbod ya zaro wata takarda duk ta yamutse, ya miƙo mini. Takardar tara ce ta jami'an kiyaye haɗurra, an kama shi yana gudun wuce ƙima. Ya ce, “Ka ga nawa ne? Dubu uku. Wallahi kuɗin wankin motar ya fi haka.” Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyon wani attajiri ɗan ƙasar Cek, Radim Passer, da ya kai kilomita 417 a awa da Bugatti a babban titin Jamus a 2021. Ya ce, “Can ba ruwansu da iyaka, kuma ba a yi masa komai ba. Mu ne dai har yau muke kan dokar zamanin Fijo.”

Na ce ba zan taɓa limita ba, salansa ma haka. Da ya fita na kira mahaifinsa na faɗa masa komai, har lambar tayar na karanta masa. Ya ce, “Injiniya, yaran zamani sai addu'a. Ka rubuta abin da ake buƙata, zan turo.” Na rubuta, na aika. Kuɗi bai zo ba, mota ma ba ta dawo ba. Bayan kwana uku wani yarona ya ce ya gan ta a wata rumfa da ke bayan layinmu, an jona mata kwamfuta. Cikin awa ɗaya aka yi masa abin da yake so.

Ranar wata Lahadi, gari bai gama wayewa ba, a titin filin jirgi wajen Lugbe, tayar baya ta hagu ta fashe. Abokinsa yana gefe yana ɗaukar maleji a waya, allurar ta haura 200. Motar ta juya, ta kwashi wani bawan Allah mai shayi da ke gefen titi yana jiran ya tsallaka, ɗauke da kiret ɗin ƙwai da ledar burodi. Nan take ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu a ƙauye. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da aka gama abin da za a yi a wajen hukuma, gareji na aka jawo motar. Tayar ta saɓule kamar ɓawon ayaba, waya duk a waje, lambar nan ta 2016 tana nan raɗau a gefe. Da na ɗaga bonet sai na ga ɓawon ƙwai maƙale a ragar gaba, gwaiduwa ta bushe a jikin lagireto. Yaron da ke riƙe mini fitila ya ajiye ta ya fita waje. Na kwance murfin sitiyari don in tabbatar da zargina: babu jakar iska a ciki. Tsumma ne aka cusa, da 'yar rizisto an naɗe ta da salatif don fitila ta mutu a dashbod. Shi ya sa mai motar yana kwance a asibiti da karyayyen muƙamuƙi da haƙarƙari. Wanda ya yi wannan aikin ya karɓi kuɗinsa ya ci abinci da shi, kuma na tabbata yana kiran kansa injiniya.

Alhaji, mahaifin yaron, ya zo, idonsa jawur. Ya ce, “Ƙaddara ce, Injiniya.” Na ce haka ne, Alhaji, mun yi imani da ita. Ban ƙara ba, don ba lokacin ƙari ba ne. Amma a zuciyata cewa nake, tayar nan ba daga sama ta faɗo ba. Wani ya sayar, wani ya ɗaura, wani ya buɗe limita a kanta, wani aka kira aka faɗa masa ya ce sai addu'a. Ni ma ban wanke kaina ba. Da na riƙe makullin ranar na ce sai uban ya zo da ƙafarsa, iyakaci a yi fushi da ni in rasa kwastoma.

Yanzu ga masu cewa a ƙara wa manyan motoci iyakar gudu. Kusan kowane mako ana yin wannan musun a ƙarƙashin rumfata. Suna cewa 100 a babban titi da 80 a hanyar tsakanin gari da gari da 50 a cikin gari doka ce da aka yi wa tsofaffin motoci, ta yanzu birkinta ya fi, riƙon ƙasarta ya fi. Ban musa ba, na fi su sanin birkin. To amma birki ba ya taka kansa. A gudun 180, mita 50 kake ci a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya gaya wa ƙafarka akwai saniya, rabin filin ƙwallo ya wuce. In ka ninka gudu, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkuwa, ko wane kamfani ne ya ƙera motar. Kamfani ya ƙara wa mota doki, bai ƙara wa direba ido ba. Wannan kuwa lissafin motar da take yadda aka ƙera ta ne, ba wadda aka haɗa daga gawa biyu a Kwatano aka fesa mata fenti ba.

Jamus ɗin da kuke kafa hujja da ita, ku faɗi labarin duka mana. Gaskiya ne akwai sassan babban titinsu da ba a sa iyaka ba, sai shawarar kada a wuce 130. Amma mai tafiya a ƙasa ba ya taka titin, keke ba ya hawa, abin hawan da ba zai iya wuce 60 ba ma an hana shi. Duk shekara biyu sai an kai mota an bincike ta ciki da bai, kuma C63 ɗin nan da ke bayan garejina ko ƙofar wurin binciken ba za ta wuce ba. A ƙasar ce kuma wasu samari biyu suka yi tsere a tsakiyar Balin a 2016, suka kashe wani dattijo a cikin motarsa, kotu ta kama ɗayansu da laifin kisan kai da gangan, ɗaurin rai da rai. A 2017 suka mai da tseren mota a titi babban laifi, in an rasa rai ɗauri har shekara goma. Wannan ɓangaren ba ya cikin bidiyon da kuke yawo da shi.

Namu titin fa? Tirela ta lalace a kan kwalta ba fitila, an zuba ganye a baya a matsayin alama. Ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba. Ramin da babu shi makon jiya yau ya isa ya haɗiye wili. Makiyayi da garkensa, ɗalibai, masu talla. Wani zai ce me ya kai mai shayi bakin titi, ba ga gadar tsallakawa ba. Bawan Allah bai ma taka kwalta ba, a tsaye yake. Ko da ya taka, hukuncin ƙin hawa gada ba kisa ba ne.

Maganar tara kuwa ita ta fi ƙona mini rai. Naira 3,000 ɗin nan tana cikin jadawalin dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007, lokacin mafi ƙarancin albashi bai kai 10,000 ba. A lokacin tana da ciwo. Yau ga yaron da ke zuba man dubu ɗari a tanki, kuɗin shiga ne kawai, kamar tikitin gidan kallo. Legas ta kafa kyamarori a 2025 ta sa 50,000. Sun yi ƙoƙari, amma ko taya ɗaya ta irin wannan motar kuɗin ba zai saya ba. Mai tasi zai kwana bai yi barci ba a kan 50,000, ɗan Alhaji zai tura ta waya yana tuƙi. A Finlan gwargwadon samun mutum ake yanka masa tara. A 2023 wani attajirinsu, Anders Wiklöf, ya yi 82 a inda aka ce 50, aka ci shi Yuro 121,000. A Suwizalan in gudun ya yi muni motar ma ana iya ƙwacewa. Ni a ganina nan ne maganin. Wanda kuɗi ba ya yi masa ciwo, a karɓe lasin, a ajiye motar wata shida ta sha rana a harabar hukuma, abokansa su riƙa ganinsa a bayan tasi.

Abin mamaki, tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, aka bar masu motocin gida. Bas mai cin mutum 18 an ɗaure ta, motar da ta ninka ta ƙarfi sau uku an sake ta. Su ma direbobin hayan ba su tsira a wajena ba: ana sa musu na'urar da safe su karɓi takarda, da yamma suna wajen rewaya ana cire waya.

Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, ku ji tsoron Allah. Kowa ya sayi kwamfuta da igiya ya sauko da fayil daga intanet ya zama mai buɗe mota. Ba ka duba taya ba, ba ka duba birki ba, ba ka tambayi wa zai tuƙa ba. Kashe fitilar eyabag da rizisto ba gyara ba ne, yaudara ce, kuma in rai ya salwanta da hannunka a ciki. Masu cire ƙwan fitilar ABS don mota ta sayu, ku ma haka. Masu faci da ke goge shekarar taya ko su yanka mata sabon zane da wuƙa, ban san abin da za ku faɗa gobe kiyama ba.

Taya. Na faɗa, zan sake faɗa. Zane mai kyau ba shi ne lafiyar taya ba. Tayar da ta shekara takwas a sito a ƙasar sanyi, aka kawo ta kwaltar Abuja a watan Maris, bam ce kake zaune a kai. Ka duba shekara, ka duba harafi. Kar ka haɗa H da Y a mota ɗaya don ka rage dubu talatin. Wanda ba zai iya sayen tayar motar ba, bai isa hawa motar ba.

Man birki ana sauya shi, ba sai ya ƙare ba. Ku ɗaura bel, har na baya.

Rakiyar amarya ba filin tsere ba ce. Wasan juya mota a gaban zauren biki, mutane sun kewaye suna ihu da waya a hannu, ranar da tairod ya tsinke za ku gane. Kai kuma abokin da ke gefe kana ɗaukar maleji kana cewa ƙara wuta, kai ne rabin totur ɗin.

Iyaye, ku na fi jin haushi. Yaron da ya koyi tuƙi da Corolla ta mamansa bara, bana ka miƙa masa doki kusan 500 ka ce kyauta ce. In makanike ya kira ka ya ce motar ɗanka ba ta da lafiya, ba neman kuɗinka yake ba, ka karɓe makullin a daren. Addu'a muna yi, amma ba ta hana ka sauya taya.

Shekaranjiya Alhaji ya aiko direbansa a kan in rubuta abin da gyaran zai ci. Ana can ana maganar diyya da dangin mamacin, yaro bai fara cin abinci mai tauri ba, har an fara tambayar kuɗin bonet. Na ce a gaishe shi, a kuma gaya masa a zo a ɗauke motar, ba zan gyara ta ba.

Wanda duk yake da niyyar kawo mini mota in cire masa limita, ya huta da ƙona mansa zuwa Apo. Kai kuma mai karatu, kafin ka tayar da motarka gobe da safe, durƙusa ka karanta lambobi huɗun nan da ke gefen tayarka.