Ka Je Ka Ga Tafki Ranar da Ya Rame

Ɗana,

 Saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa kwale-kwalen da ka daɗe kana tara wa kuɗi ya zo hannu. Allah ya sa masa albarka, ya tsare ka a kan ruwa. Ka tambaye ni wane tafki za ka nufa wanda zai riƙe ka daga wannan damina har wata ta zagayo, ba tare da ka kife jirgi a gaɓa wata huɗu kana neman aikin leburanci ba. Ka ce abokanka sun ba ka sunaye, wannan ya ce Tiga, wancan ya ce Kainji, wani har ya nuna maka hoton giwan ruwa a waya.

Ka koma ka tambaye su a wane wata suka je. Da kaka kowane kududdufi gwani ne. Ruwa ya cika ya tumbatsa, kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawa ya yi ƙiba yana neman hanyar komawa, ko yaro ya jefa birgi zai ciko. Wanda ya ga tafki a wannan lokaci ya ga amarya ce ranar buɗar kai. Kai da kake neman wurin zama na shekara, ka je ka gan shi a ƙarshen bazara, lokacin da ya ja da baya ya bar taɓo yana tsagewa. Abin da ka tarar a ranar shi ne ainihin abin da zai ciyar da kai.

Wajen kakanka na koyi wannan, Allah ya jiƙansa. Ina ɗan saurayi aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da tungayen da iyayenmu suka tashi a ciki. Mutumin da ya san kowane gurbi da kowane dutse na Kwara kamar tafin hannunsa ya wayi gari baƙo a kan ruwan gidansu. Shekarun farko ba wanda ya damu, don kifi ya yi yawa, musamman faliya, har jirgi kan nemi nutsewa da kamu. Haka sabuwar madatsa take: ciyawa da ganyen da ruwa ya binne suna ruɓewa su zama taki, kifi ya samu abinci ya bunƙasa. Bayan 'yan shekaru takin ya ƙare, kamu ya ja baya, waɗanda suka yi tururuwa suka zo don labari suka naɗe komarsu suka tafi. In ka ji ana zuzuta wani sabon dam, ka tuna da wannan kafin ka kwashe iyali.

Kakanka bai tafi ba. Duk shekara in ruwa ya ja, sai ya ɗauke ni mu bi filin da ya bushe da ƙafa. Ina iya tuna zafin taɓon a tafin ƙafata, da yadda yake tsugunawa ya nuna mini wasu ramuka zagayayyu a cikin yashi, kowane kamar an dangwala tasa an ɗauke. Ya ce gidajen karfasa ne, a nan namiji yake share wuri, mace ta zo ta saka ƙwai sannan ta kwashe su a bakinta. Ya ce in ruwa ya dawo, nan za su dawo. Mu wuce mu ga kututturan itatuwan da ruwa ya kashe, baƙi ƙirin, wasu da guntayen kalli na wasu masunta a nannaɗe. Mu ga inda tsohon rafi ya ratsa ya bar kwari. Kowane wuri sai ya tsaya ya ɗaga kai ya daidaita shi da abu biyu a tudu, misali wata kuka da wani dutse a bayanta, ya sa ni in maimaita har ya zauna mini. Bayan wata huɗu, ruwa gaba uku a kan wurin, muna zuwa mu jera kuka da dutse mu saki mamari a bakin kwarin daidai, mu ɗago ragon ruwa da kurungu, na kusa da mu suna ta lalube. Wayarka ta yanzu tana iya riƙe maka wuri, ka yi amfani da ita. Amma ka haddace alamun tudu, don waya tana jiƙewa, cajinta yana ƙarewa.

Sai ka bincika daga ina ruwan yake zuwa, kuma wa yake riƙe da ƙofarsa. Tafkin fadama ruwan sama da ambaliya ne abincinsa. Yana da daɗin su, yana da tarwaɗa da gaiwa da bargi, amma da yawa ba sa kai watan Maris, don haka ka ɗauke shi a matsayin ƙari. Madatsa irin Tiga, wadda aka gama a 1974 a kan kogin Kano, ko Challawa ta Ƙaraye da ta biyo baya a 1992, tana riƙe ruwa shekara. Sai dai ba don masunci aka gina ta ba. Ruwan Tiga na masu noman rani ne na su Kadawa da Kura da Bunkure, da mutanen birni masu sha. In rani ya yi nisa ana ta sakinsa, gaɓar da ka ɗaure jirgi jiya sai ka tarar ta yi maka nisa. Wannan ba aibu ba ne in ka san lokacinsa, ka san lungun da ke riƙe zurfi har ƙarshe.

Kainji kuwa tana da wata baiwa da sauran ba su da ita, ruwa biyu take samu a shekara. Na farko farin ruwa, mai laka, na daminar ƙasashenmu na kusa, yana isowa wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya a nan. Shi ya sa tafkin yake a cike sa'ad da wasu suka fara ramewa, kuma ramarsa takan kai har cikin damina. In can za ka duba, kada ka yi gaggawar zuwa a Afrilu, ka bari sai wajen Yuni.

Kada zurfi ya ruɗe ka. Matasa da yawa suna zaton inda ya fi zurfi nan manyan kifaye suke. Da bazara, rana tana dafa ruwan sama, shi kuma ruwan zafi ba ya da nauyi, sai ya kwanta a kan mai sanyi kamar mai a kan miya, ba sa gauraya. Na ƙasan nan iskar da kifi yake shaƙa takan ƙare a cikinsa, in ka ɗebo shi wani lokaci har wari yake yi. Ka saki ƙugiya can ƙasa ka wuni ba ko motsi. Kifin yana sama-sama, a gefen kwari, a inuwar kututture, a bakin rafin da ke shigowa. In hunturu ya sanyaya saman, ruwan ya juya ya gauraya, lissafi ya sake. A sanyi kifi ba ya cin abinci sosai da asuba, karfasa takan fito wuri mara zurfi ta sha hantsi. Da ruwan farko kuma tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta haura rafuka. Tafkin da zai riƙe ka shekara shi ne wanda yake da waɗannan duka kusa da juna: ciyawar gaɓa don damina, kwari don rani, bakin rafi, ɗan dutse ko itace a ƙasa. Ka samu igiya ka ƙulla ta gaba-gaba, ka ɗaura mata dutse, ka riƙa aunawa kana tafiya. In ka ga zalɓe ya lizimci wata gaɓa kullum, akwai dalili.

Yanzu maganar jirginka, wadda ta fi damuna. Kainji ta haura murabba'in kilomita 1,200, amma kai da filafili da katako 'yan ƙalilan, rabonka a cikinta bai wuce inda za ka iya komawa tudu kafin hadari ya same ka ba. Saboda haka abin nemanka lungu ne mai kariya, ko da a cikin babban tafki ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, gaɓar wannan ɓangaren takan kwanta lumui, igiyar ruwa kuma ta je ta tattaru a ɗaya gefen. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma, amma hadarin da ke kifar da jirgi daga gabas yake tasowa, kuma ba ya sallama. Ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, to, ka bar kallin a ruwa ka nemi gaɓa. Kalli ana sayen wani.

Na taɓa shiga hazo da sassafe ina sauri in riga wasu isa wurin da na kwana da tarko. Ban ga gaɓa ba balle alamuna. Sai ji na yi ƙasan jirgi ya daki kututture, katako ya tsage, ruwa ya fara bulbulowa tsakanin ƙafafuna. Jarkar da nake zuba ruwan sha, wadda ta kusa ƙarewa, ita na rungume har Allah ya kawo wasu masunta suka ji kirana. Na iya ruwa tun ina yaro, amma sanyin ranar ya ɗaure mini hannuwa cikin ɗan lokaci. Tun daga nan ba na fita cikin hazo sai rana ta ɗaga. Ka sayi rigar ceto ka riƙa sa ta, ko da za a yi maka dariya a tunga. Ka tuna jirgin da ya nutse kusa da Wara ta ƙasar Ngaski a watan Mayun 2021, da na Ɓagwai a ƙarshen waccan shekarar, wanda ya tafi da yara 'yan makarantar Islamiyya. Har yau in na tuna su zuciyata takan yi nauyi. Kada ka ɗora wa jirginka abin da ya fi ƙarfinsa, na kifi ne ko na mutane. Kuma duk inda aka ce maka akwai dorina da ɗanta, ka ba ta wuri.

In ruwa ya yi maka, saura mutanensa. Ranar da ka isa, kafin jirginka ya taɓa ruwa, ka nemi sarkin ruwa ka gaishe shi, ka faɗi daga inda ka fito da ɗan wanda kake. Da ɗan gari akan ci gari. Shi zai gaya maka inda aka hana su, da watan da ake ɗaga wa kifi ƙafa, da takardar da hukuma take nema. Sannan ka zauna a bakin gaɓa da hantsi ka kalli abin da jirage suke saukewa. Kada ka tambayi kowa, kwando zai ba ka amsa. In ka ga kifi iri-iri, manya da matsakaita, har da tsage da giwan ruwa jefi-jefi, ruwan yana da lafiya. In kuwa duk 'yan ƙanana ne kamar yatsa, kuma ka ga taru mai ido kamar gidan sauro a shanye, an riga an cinye na baɗi. Inda ake zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa, kada ka kwana biyu a wurin. Kifin yana cutar da mai cinsa, kuma alhakin ba ƙarami ba ne. Kai ma ka riƙe kalli mai faɗin ido, ka mayar da karfasar da ka samu da ƙwai a baki.

Ka duba hanya ma. Kifi ba ya jiran mota. Ka san ranar kasuwa, ka san ko ana samun ƙanƙara, in babu ka san inda za ka samu itacen banda da kuɗinsa, ka san mai sayen da ba zai ɗaure ka da bashin raga ya riƙa yanka maka farashi ba.

Na san za ka ce ban ambaci Tafkin Chadi ba. A zamaninmu duk masuncin da ya isa sai ya taka Baga, bandar Doro kuwa har kudu ake lodinta. Tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 fari ya cinye mafi yawansa a shekarun 1970 da 1980, ko da yake har yanzu yana da kifi. Abin da ya hana ni tura ka can rashin tsaro ne, kuma haka zan ce maka game da duk wata madatsa da ke cikin dajin da 'yan bindiga suke yawo. Fadamun Haɗeja da Nguru kuwa ƙaramin jirgi ya dace da su, amma kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa tun da madatsun sama suka canja tafiyar kogin, sai ka samu ɗan wurin ya shige maka gaba.

Shawarata ka zaɓi babban ruwa ɗaya ka zauna masa, ka haɗa da wata fadama kusa da za ka riƙa leƙawa da kaka. Ka ba shi shekara biyu kafin ka yanke masa hukunci, kana rubuta wata da wuri da abin da ka kama a ɗan littafi. In Allah ya kai mu Yuni, ka zo Yawuri ka same ni. Ka taho da igiya gaba goma da takalmin roba. Ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu, amma za ta kai mu inda kuka da dutsen nan suke, in nuna maka bakin kwarin da kakanka ya nuna mini.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Baffanka.