Amsar Tambaya: Ulfric ko Daula?

Tambaya: Ni da ƙanina ba ma ga-maciji saboda wasan bidiyo na Skyrim. A yaƙin da ake yi a cikin wasan, shi yana bayan Ulfric, ni ina bayan Daula. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙaninka yana da hujja. Daula ce ta sa hannu kan yarjejeniya da Thalmor wadda ta haramta bautar Talos, dole 'yan Skyrim su ji an ci amanarsu. Amma kai shi Windhelm ya ga yadda aka killace 'yan ƙabilar Dunmer a unguwa guda, a garin Ulfric kansa. Sannan ku karanta takardar sirrin da ke ofishin jakadancin Thalmor: so suke yaƙin ya daɗe, ɓangarorin biyu su raunana. Ku sake wasan tare, kowa ya ɗauki ɓangaren ɗan'uwansa.