Tambaya da Amsa: Shekaru Nawa Ne Ke Sauke Direba Daga Mota?

TAMBAYA

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Wurno. Mahaifina direban haya ne tun ban san kaina ba. Da wannan sana'a ya ciyar da mu, ya aurar da mu, har ya sauke farali. Yanzu ya ba saba'in baya, amma kullum yana kan hanya, Wurno zuwa Sakkwato, ranar kasuwa kuma Achida ko Goronyo. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yaron motarsa ya same ni a asirce, ya ce idan magariba ta kawo jiki, ko wata mota ta haske shi da fitila, sai Baba ya rage tafiya yana tambayar mene ne wancan a gaba. Kwanan baya ya gogi wata amalanke a gefen hanya, Allah ya tsare babu wanda ya ji rauni. Da na taɓa masa zancen, sai ya ce tun kafin a haife ni yake riƙe da sitiyari, bai taɓa take ko kaza ba, yaran yanzu masu gudu su ya kamata a yi wa faɗa. Malam, akwai shekarun da doka ta ce mutum ya daina tuƙi? In babu, bai kamata a sa ba? Ni kuma yaya zan yi da Baba ba tare da na saɓa masa ba?

Mai karatunku daga Wurno, Jihar Sakkwato.

AMSA

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ga amsar a dunƙule kafin bayani. Dokar Najeriya ba ta yanke shekarun da mutum zai ajiye tuƙi ba, ni ma ban goyi bayan a yanke ba. Abin da nake goyon baya shi ne gwaji a kai a kai, na ido da na lafiyar jiki, musamman ga mai ɗaukar fasinja. Shi kuwa Baba, abin da yaron motarsa ya gani alamar ciwon ido ce, maganarta kuma ba ta jira.

Doka ta sa iyaka ta ƙasa: sai mutum ya cika shekara 18 yake samun lasisin tuƙa motar kansa, lasisin haya kuwa sai ya kai 26, tare da takardar likita. Lasisin na shekara 3 ne ko 5, hukumomi uku ne kuma ke da hannu a cikinsa: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, da jami'an VIO masu gwada direba da mota, da hukumar tara haraji ta jiha. A rubuce, ba a ba makaho lasisi. A aikace kuwa, mutane da yawa ta hannun dillali suke sabuntawa, ba wanda ya ce su rufe ido ɗaya su karanta allo. Nan ɓarakar take, kuma ta shafi ɗan talatin kamar yadda ta shafi ɗan saba'in.

Baba yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ya kamata ka faɗa masa haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Gudun wuce kima, wuce mota a kwana, lodin da ya fi ƙarfin taya, shan ƙwaya don a kori barci, danna waya ana tuƙi, duk waɗannan sun fi yawa a hannun matasa. Tsohon direba ya san inda rami yake, ya san ƙauyen da yara ke tsallaka titi ba dubawa, ya san lokacin da shanu ke dawowa daga kiwo. Akwai fasinjojin da in sun shiga tasha dattijo suke nema, ko da motarsa ce ƙarshe a layi.

Dalilina na ƙin iyakar shekaru guda uku ne. Na farko, tsufa ba ya zuwa wa mutane rana ɗaya. Wani ɗan saba'in da biyar yana zura zare a allura, wani ɗan hamsin ciwon sukari ya riga ya cinye masa gani. Na biyu, yawancin sa'o'in Baba a Wurno da Rabah da Goronyo ba su da takardar haihuwa, shekarunsu na takardar rantsuwar kotu ne. In an ce 70 ce iyaka, mai wayo zai rage goma ya ci gaba, mai gaskiya ne kawai zai sauka. Na uku, direban haya ba shi da fansho. Raba lafiyayyen mutum da abincinsa saboda lissafin shekaru kawai zalunci ne.

Inda Baba ya kuskure shi ne ɗaukar tarihinsa a matsayin shaidar yau. Shekarun da ya yi bai take ko kaza ba, da idon da yake da shi a lokacin ya yi su. Yanar ido takan shigo a hankali, ta fara da abin da aka faɗa maka daidai: gani ya dushe da almuru, fitilar motar da ke tahowa ta tarwatse ta rufe komai. Hawan jinin ido ya fi ta mugunta, domin daga gefe yake cin gani, ba zafi ba ƙaiƙayi. Mutum yana ganin gabansa tar, ya rantse idonsa lafiya, alhali ɗan kabu-kabun da ya fito ta damarsa bai gan shi ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kimanin 4 cikin 100 makafi ne, yanar ido ce babbar sila, hawan jinin ido na biye da ita. Ban da ido, ji yana raguwa, wuya yana ƙin juyawa, ƙafa tana jinkirin barin totur ta koma burki. Hawan jini da sukari na iya kawo jiri, wasu magungunan mura da na ciwon jiki kuma suna sa gyangyaɗi.

Ka yi wannan lissafin. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya makara da daƙiƙa ɗaya tak wajen gane abin da ke gabansa, ya riga ya shafe wannan tazarar kafin ƙafarsa ta taɓa burki. Sannan ka tuna irin hanyar da Baba ke bi: amalanke ba fitila, raƙumi da jaki ɗauke da kaya, babur da bayansa duhu, hazon hunturu. Mai dawowa daga kasuwar Goronyo ran Lahadi da yamma rana ce ke fuskantarsa. Ga matsalar tsaro a gabashin Sakkwato, wadda ta sa kowane fasinja yana matsa wa direba ya taka don a isa gida kafin duhu. Wannan hanya tana neman ido biyu masu kyau.

Ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa sun daɗe suna wannan muhawara, kuma mafi yawansu gwaji suka zaɓa. A Ingila lasisi yana ƙarewa idan mutum ya cika 70, daga nan sai sabuntawa duk shekara 3. Mai tuƙa bas ko babbar mota kuwa likita yana duba shi daga shekara 45 duk bayan shekara 5, in ya kai 65 kuma kowace shekara. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, Yarima Filib, ya yi haɗari a Janairun 2019 yana da shekara 97, bayan 'yan makonni ya miƙa lasisinsa da kansa. A Japan ana gwada ƙwaƙwalwar duk mai shekara 75 zuwa sama lokacin sabunta lasisi. A Afrilun 2019 wani ɗan shekara 87 ya take mutane a birnin Tokiyo, uwa da 'yarta suka rasu, daga 2022 kuma aka ƙara gwajin tuƙi a aikace ga tsofaffin da aka taɓa kamawa da wasu laifuffukan hanya. Abin lura shi ne mai ɗaukar rayukan jama'a an fi tsananta masa a kan mai tuƙa kansa, kuma haka ya dace.

Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne a duba idon kowane direban haya duk lokacin da zai sabunta lasisi, yaro ne ko babba, daga shekara 65 kuma a riƙa duba ido da hawan jini da sukari kowace shekara. Kada sakamakon ya tsaya ga "ci gaba" ko "sauka". Wani tabarau kawai yake buƙata, wani aiki za a yi masa ya dawo, wani a taƙaita shi ga tuƙin rana da gajeriyar tafiya. Kafin gwamnati ta kai ga haka, shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Wurno da Achida da Rabah da Goronyo suna iya farawa. Su suka san wanda ke lalube, su ke ba da layi. Ware rana ɗaya a shekara a gayyato ma'aikatan ido tasha bai fi ƙarfin asusun ƙungiya ba.

Sai abin da ke wuyanka. Ka kai Baba a duba idonsa cikin wannan makon, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Ka gaya wa likita cewa direban haya ne, ka roƙi a auna ƙarfin gani, da hawan jinin ido, da ganin gefe, a haɗa da sukari da hawan jini. Kafin ranar, kana iya jarraba shi da ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila, wato karanta lambar mota daga nisan mita 20 da rana. Amma ko ya karanta kada ku fasa zuwa asibiti, domin wannan ba ya nuna ganin gefe. In yanar ido ce, ku gode wa Allah, aikinta gajere ne, mutane da yawa suna komawa sana'arsu bayansa. Ku nisanci masu kwantar da yana na gargajiya da ke yawo kasuwa-kasuwa, domin idon da suka ɓata da wuya ya gyaru. In kuwa hawan jinin ido ne, magani yana tsare abin da ya saura, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. In likita ya ce ganin bai isa tuƙi ba, magana ta ƙare. Tun daga yau dai, kafin a ji ta bakin likita, Baba ya bar tuƙin asuba da na yamma da na cikin hazo.

Yadda za ka faɗa masa yana da nauyi kamar abin da za ka faɗa. Kada ka yi a gaban iyali ko a tasha, kada kuma ka ambaci yaron motar, domin amana ya ba ka. Kada ka ce masa ya tsufa. Ka ce, "Baba, ina son mu je a duba idon nan, ni ma a duba nawa." In ya ƙi, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limaminku ko wani dattijon tasha. Su tuna masa cewa duk wanda ya shiga motarsa amana ce a wuyansa, kuma a shari'a kisan kuskure yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya san idonsa ya raunana ya ɗauki mutane ba zai fake da ita ba. Kai ma ba saɓa wa mahaifi kake yi ba. Kare shi daga ɗaukar alhakin rai a ƙarshen rayuwarsa yana cikin biyayya mafi girma.

Ka kuma sani cewa abin da Baba ke tsoro ya wuce rasa kuɗin cefane. Yana tsoron zama a ƙofar gida ba mai tambayarsa komai. Don haka kada ku je masa da maganar sauka sai kun tanadi inda zai sauka. Motar ta ci gaba da zama tasa, ya zaɓi direba cikin yaran da ya koyar, a riƙa kawo masa balas a hannunsa. Ya ci gaba da zuwa tasha, ana shawara da shi, yana sasanta rigima, yana horar da masu tasowa. Ku 'ya'yansa ku yanka wa kanku abin da za ku riƙa ba shi duk wata, ku cika alkawari.

Ina kira ga sauran masu karatu da ke da uba ko kawu a kan sitiyari, kada su jira sai an bugo musu waya daga bakin hanya. Ku kai su a duba idonsu bana, ku maimaita baɗi. Wanda gwaji ya wanke a bar shi da sana'arsa ko shekarunsa nawa, wanda bai wanke ba a sauke shi da mutuncinsa. Allah ya ba Baba lafiya, ya tsare mu a hanyoyinmu.