Zaɓen Jirgin Su na Alminiyam: A Fara Duba Ruwa

Manyan itatuwan da ake sassaƙa kwale-kwale da su suna ta raguwa a dazuzzukan ƙasar nan, saboda haka masunta da ƙungiyoyinsu sun fara mai da hankali ga jirgin alminiyam, watau goran-ruwa. Nauyin wannan ƙarfe kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe, ba ya ruɓewa, kuma gara ba ta cinsa. Amma rashin nauyin nan nasa shi ne kuma abin tsoro, domin iska takan juya shi yadda ta ga dama. Wajibi ne mai saye ya fara tuna irin ruwan da zai shiga kafin ya tambayi kuɗi.

Ƙirar ƙasan jirgi iri biyu ce. Akwai mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Shi wannan ba ya nitsawa sosai, yana wucewa ta wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, kuma mutum yana iya tsayawa cikinsa ya jefa birgi bai yi tangaɗi ba. Ya dace da fadama, da bakin Tafkin Cadi mai ciyayi, da rassan kogi inda ruwa ke kwance. To, amma da zarar igiyar ruwa ta taso, sai ya riƙa dukanta da ƙirji, ruwa na faɗowa ciki. Na biyun kuwa ƙasansa a tsuke yake kamar ƙirjin kaza, yana keta igiya ya wuce. Sai dai yana son ruwa mai zurfi da inji mai ƙarfi, kuma yakan yi rangaji idan an tsaya jan taru.

Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 100. A sarari irin wannan, ruwan da ke kwance da hantsi yana iya hautsinewa da la'asar, musamman a farkon damina sa'ad da hadari ke tasowa da iska. Wanda ke su a nan, ko a tsakiyar Kwara da Binuwai lokacin cikowa, ya zaɓi mai tsukakken ƙasa da dogon gefe, ko da kuwa yawancin kwanaki ruwan lafiya lau yake. Ya kuma duba kauri: milimita 3 ya fi 2 jure wa karo da kututturan da ruwa ya rufe.

Akwai wani abu da masunta da yawa ba su lura da shi ba. Kwale-kwalen itace in ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a sama, mutane su kama shi har taimako ya zo. Na alminiyam nitsewa yake yi, sai fa in an yi masa rufaffun akwatuna na iska ko an cusa soso marar shan ruwa a ƙarƙashin kujeru. Jirgin da ba shi da wannan bai cancanci a kai shi tsakiyar tafki ba, komai arharsa. Rigar ceto kuma tilas ce ga kowane mutum da ke ciki.

Batun gyara ma abin dubawa ne. Jirgin da aka haɗa da walda ya fi wanda aka ɗinke da ƙusoshi ƙarfi, gama ƙusoshin sukan saki in duka ya yi yawa, ruwa ya fara tsattsafowa. Amma waldar alminiyam sai da na'ura ta musamman, ba kowane mai walda na bakin hanya ke iya ta ba. A bincika inda mai yin ta yake tun kafin a biya. Kada kuma a ɗaura wa jirgin ƙusa ko waya ta jan ƙarfe ko tagulla, domin haɗuwarsu cikin ruwa tana cin alminiyam har ya huje, balle a ruwan gishiri na Legas da Neja Delta.